Yadda Ake Jan Wayar Sarrafa Fitilun Majami'a Don Su Daina Ƙifce-Ƙifce Ana Tsakiyar Sujada

Sau da yawa ikilisiya takan yi baiko na musamman a sayo fitilun bagade masu launi, a ɗaure su sama, makon farko kowa na murna. Kafin wata guda sai a fara gani: fasto na tsakiyar wa'azi, fitila ɗaya ta rikiɗe ta koma kore ba wanda ya taɓa ta, mai juyawar nan ta shiga kaɗa kai ita kaɗai, yara sun ɗaga ido sama, iyayensu ma sun bi su. Sai a ce ai jabun kaya aka sayo. A mafi yawan wuraren da aka kira ni in duba, fitilun lafiyarsu ƙalau. Ciwon yana jikin siririyar wayar da ke kai musu umarni, wadda aka ja da gaggawa ranar Asabar da yamma da guntayen wayar makirfo da aka tsinto a sito. Wannan wayar ce zan bi da kai a kanta, daga teburin mai sarrafawa har fitilar ƙarshe.

Abin da ke gudu cikin wayar

Kowace fitila wayoyi biyu take bukata. Ɗaya ta wuta, mai kawo bolt 230 irin na gidajenmu. Ɗayar ta saƙo, mai gaya mata launi da ƙarfin haske da inda za ta juya. Harshen da ake wannan magana da shi sunansa DMX512. Ƙungiyar masu fasahar dandalin wasan kwaikwayo ta Amurka, USITT, ita ta tsara shi a 1986, aka gyara a 1990, sannan ya zama ƙa'idar ANSI E1.11 a 2004. Lambar 512 ɗin adadin tashoshin da waya ɗaya ke ɗauka ne, kowace tasha kuma tana da mataki daga 0 zuwa 255. Fitila mai tashoshi bakwai, alal misali, tana iya ba tasha ɗaya ƙarfin haske, uku ja da kore da shuɗi, sauran kuma walƙiya da makamantansu.

Saƙon yana tafiya da gudun ɗigo 250,000 a daƙiƙa ɗaya (ɗigo a nan shi ne ƙwayar saƙo mafi ƙanƙanta, sifili ko ɗaya), na'urar sarrafawa tana maimaita shi kusan sau 44 kowace daƙiƙa. Fitila kuwa ba ta tambaya ko abin da ta ji daidai ne, domin tsarin ba shi da hanyar tantance kuskure. Idan saƙo ya gurɓace a hanya, gurɓataccen za ta bi. Duk dokokin da ke tafe daga nan suka fito.

Mataki na 1: zana majami'ar a takarda tun ba ka sayi komai ba

Ɗauki takarda ka zana ginin daga sama: bagade, wurin mawaƙa, wurin 'yan kiɗa, da teburin da mai sarrafawa zai zauna, wanda galibi yana baya kusa da miksa ko a kan bene. Sa ɗigo a inda kowace fitila take. Sannan ka ɗora biro a kan tebur ka ja layi ɗaya tak, ya ratsa ɗigo na farko, ya wuce na biyu, ya wuce na uku, har na ƙarshe, ba tare da ka ɗaga biron ba kuma ba tare da layin ya yi reshe ba. Haka wayar za ta bi. Tana fita daga na'urar sarrafawa ta shiga bakin da aka rubuta IN a fitilar farko, wata ta fito daga bakin OUT ta shiga IN na ta biyu, kamar yadda ake zura duwatsun wuya a zare guda.

Jerin da waya ta bi ba shi ne jerin lambobin fitilu ba. Fitila ta ɗaya a kan tebur tana iya zama ta tara a kan waya, ba ruwan kowa. Saboda haka ka zaɓi hanya mafi gajarta kuma mafi tsabta kawai.

Yanzu ƙidaya. Layi ɗaya bai kamata ya ɗauki fiye da na'urori 32 ba, wannan iyaka ce ta tsarin RS-485 da aka gina DMX a kansa. Ni dai da fitilu masu araha ba na bari su wuce 20. Tsawo kuma, duk da a rubuce RS-485 na iya kai mita 1,200, masu aikin sukan tsaya a wajen mita 300, kuma da wuya majami'a ta kai haka. Ka auna da tef na gaske, ka haɗa da hawa bango da saukowa, ka ƙara kashi goma cikin ɗari. Wayar da ta gaza da taku biyu ita ke sa mutum ya yi ƙulli a cikin silin, ƙullin nan kuma shi ne zai tayar da kai bayan shekara.

Mataki na 2: sayen waya

Nan ne ake yawan faɗuwa, don haka zan daɗe a kansa. Wayar makirfo da ta DMX kama suke yi kamar an tsaga kara, har kawunansu iri ɗaya ne. Bambancin yana ciki. An ƙera ta DMX da turjiyar om 120 (om shi ne ma'aunin turjiya ga wutar lantarki), wayoyi biyu a murɗe da juna, raga ta lulluɓe su. Ta makirfo an yi ta ne don murya, turjiyarta ta yi ƙasa da haka sosai, kuma takan dusashe kaifin saƙo mai sauri. Abin da ke yaudarar mutane shi ne tana aiki: a kan fitilu uku da mita goma ba za ka ga aibu ba. Sai an ƙara fitilu, ko an ƙara tsawo, sannan rikici ya taso, kuma ba ya tasowa kullum, shi ya sa gano shi ke da wuya.

Idan ka je kasuwa, Sabon Garin Kano ne ko Alaba ta Legas ko shagon kayan kiɗa na garinku, kada ka tsaya ga maganar baki. Karanta jikin wayar. Nemi inda aka buga DMX, ko RS-485, ko 120 ohm. Wadda aka rubuta AES/EBU 110 ohm ita ma tana yi. Belden 9841 misali ne na wadda aka san ta da wannan aiki, in ka samu ta asali. In mai shago ya ce duk ɗaya ne, ka gode masa ka ƙara gaba.

Akwai mafita mai sauƙin kuɗi don dogon zangon da ke tsakanin tebur da bagade: wayar intanet, Cat5e ko Cat6. Turjiyarta om 100 ce, kuma ƙa'ida ta amince da ita a aikin da aka kafe a bango. Sharaɗi biyu ne. Ta zama jan ƙarfe zalla, ba alminiyon da aka shafa wa jan ƙarfe ba, wanda ke karyewa da an lanƙwasa shi. Sannan ta zauna cikin bututu ba a motsa ta, domin tsinken cikinta ƙwaya ɗaya ne, ba ya jure naɗewa da warwarewa. Tsakanin fitila da fitila kuwa, mai laushin nan ta DMX za ka sa.

Sauran kayan: kawunan XLR, wato irin kawunan wayar makirfo, maza da mata masu kyau irin na kamfanin Neutrik in aljihu ya kai, rezisto mai om 120, ƙarfen narka dalma da dalmarsa, maltimita, filaya, bututun roba da maƙalansa, tef na manna suna, da tsani mai ƙarfi tare da mutumin da zai riƙe maka shi.

Mataki na 3: ƙafa uku ko ƙafa biyar

Ƙa'ida ta ce kan DMX ƙafa biyar ne. Amma kusan duk fitilun da ke shigowa kasuwanninmu ƙafa uku suke da shi. Kada wannan ya dame ka, domin ko a mai biyar ɗin ƙafa uku ne ke aiki a yawancin kaya:

Ƙafa ta 1: raga, wato mahaɗar saƙo.
Ƙafa ta 2: saƙo mai alamar ragi.
Ƙafa ta 3: saƙo mai alamar tarawa.

Ta 4 da ta 5 an tanade su ne don layi na biyu, akasari a banza suke. In teburinka mai biyar ne fitilunka masu uku, sai ka haɗa 'yar gajeriyar waya: 1 zuwa 1, 2 zuwa 2, 3 zuwa 3. Bakin da saƙo ke fita tamace ne, bakin da yake shiga namiji ne, don haka kowace waya namiji a gefe ɗaya, tamace a ɗayan.

Haɗarin ƙafa uku shi ne yana shiga ramin miksa daram. Miksa kuwa takan tura bolt 48 zuwa wasu makirfo, kuma wannan wutar na iya ƙona ɓangaren karɓar saƙo na fitila. A majami'a hannaye da yawa ne ke taɓa kaya: matasa ranar Juma'a, zumuntar mata ranar Talata, baƙin mawaƙa ranar biki. Saboda haka ka naɗa jan tef a kan kowane kan wayar fitila, ka gaya wa kowa cewa mai jan tef ba ta zuwa miksa.

Mataki na 4: jan waya

Kashe wutar ginin daga babban makunni kafin ka hau silin. In rufin kwano ne, yi aikin da sassafe, domin da rana ta take cikin silin ba ya shiguwa, kuma mai jiri a kan tsani ba ya aikin kirki.

Wayar saƙo bututunta daban, wayar wuta bututunta daban. Kada su kwana a bututu ɗaya ko da na mita biyu ne. In suna tafiya a jere, bar tazarar kamar santimita 30. In dole su haɗu, su gicciye juna su wuce. Nisanta ta da wayar da ta taso daga janareta, da injin fanka, da na'urar sanyaya ɗaki. Bututun ba ado ba ne: ɓeraye na son robar waya, kuma na sha ciro wayar da aka gwigwiye har raga. Toshe bakunan bututun bayan ka gama.

Ja a hankali, mutum ɗaya na turawa ɗaya na ja. Kada ka lanƙwasa ta lanƙwasar gwiwa a kusurwa, bar ta ta yi baka. Kada ka buga mata ƙusa, kada ka matse ta da maɗauri har ta shaƙe. A wurin kowace fitila bar rarar kamar rabin mita, don ranar da za a juya fitilar ko a sauko da ita a share ƙurar hunturu. Ka ɗaure rarar a jikin ƙarfen da fitilar ke rataye, yadda nauyin waya ba zai rataya a kan XLR ɗin ba. Tun da kana sama, duba ko kowace fitila tana da sarƙar tsaro ban da maƙalinta. Ƙarƙashinta mutane ne ke durƙusawa.

In wayar intanet ce ka ja, kada ka liƙa ta kai tsaye a kan XLR mai yawo. Kai ta cikin akwatin bango a kowane gefe, ka haɗa ta da bakin XLR da aka kafe a murfin akwatin. Tsarin launinsa a ƙa'ida: fari mai ratsin lemo shi ne tarawa, ƙafa ta 3. Ruwan lemo zalla shi ne ragi, ƙafa ta 2. Fari mai ratsin ƙasa-ƙasa shi ne mahaɗa, ƙafa ta 1. Dole tarawa da ragi su fito daga tagwaye guda da aka murɗe tare, domin murɗin ne ke kashe hayaniyar da wayar ke kwasowa a hanya. Na fi son bakin XLR a bango a kan bakin intanet, saboda wata rana wani zai ga rami irin na intanet ya soka shi a na'urar da ke tura wuta ta cikin wayar, fitilu su ƙone.

Mataki na 5: ɗora kawuna

Fara zura murfin kan a jikin waya tukuna. Fere rigar waje kamar santimita biyu, tattara ragar ka murɗe ta wuri guda, fere bakin wayoyi biyun kamar milimita uku ko huɗu. Shafa musu dalma, shafa wa kofunan ƙafafun ma, sannan ka haɗa su da zafi na ɗan lokaci. Liƙi mai kyau sumul yake, yana sheƙi. In ya yi dunƙule ko ya dushe, sake shi.

Tsayar da launi ɗaya tun farko ka rubuta shi a bango in ta kama: misali ja ƙafa ta 3, fari ƙafa ta 2, ko'ina. Ka riƙa karanta lambar da aka buga a jikin kan, kada ka bi hagu da dama, domin namiji da tamace kishiyar juna suke kamar fuska da madubi. Wanda ya bi ido zai juya 1 da 2 bai sani ba.

Abu ɗaya da masu gyaran rediyo kan yi da kyakkyawar niyya amma yana ɓata aiki: haɗa raga da gangar ƙarfen kan. Kada ka yi. Raga ƙafa ta 1 kaɗai za ta taɓa. In ta taɓa gangar, ta haɗu da jikin fitila, jikin fitila ya haɗu da ƙarfen rufi da wayar ƙasa, sai wata wuta ta samu hanyar zagayawa ta cikin ragar. Ko silin gashi ɗaya na raga da ya kauce ya isa, don haka sa masa 'yar rigar roba.

Kowace waya ka gama, gwada ta nan take da maltimita a wurin da yake ƙara: 1 da 1 ya yi ƙara, 2 da 2, 3 da 3. Sannan 1 da 2, 1 da 3, 2 da 3, da kowace ƙafa da ganga, duk su yi shiru. Gwajin minti ɗaya ne a ƙasa. A sama kuwa sai an kafa tsani.

Mataki na 6: rufe bakin ƙarshe

Fitilar ƙarshe bakinta na OUT a buɗe yake. Saƙo in ya iso nan bai samu abin da zai shanye shi ba, sai ya dawo baya kamar amsa-kuwwa a cikin ginin da ba kowa, ya yi karo da saƙon da ke tafe. Kowane ɗigo kashi huɗu cikin miliyan na daƙiƙa yake ɗauka, don haka ƙaramar amsa-kuwwa ta isa ta sa fitila ta karanta wata lamba daban. Maganinsa tamineta, kuma da hannunka za ka yi shi: ɗauki namijin XLR, liƙa rezisto mai om 120 tsakanin ƙafa ta 2 da ta 3, rufe, soka a OUT na fitilar ƙarshe. Zoben launinsa ƙasa-ƙasa, ja, ƙasa-ƙasa. Mai kwatan wat yana yi, mai rabin wat ya fi kwanciyar rai.

Na taɓa kwana biyu a wata majami'a muna canza fitilu ɗaya bayan ɗaya, har dattawa sun fara maganar mayar da kaya ga mai shago. Abin da ya rage ashe wannan ɗan reziston ne, wanda kuɗinsa bai kai na ruwan leda biyu ba a lokacin. Tun daga ranar nake yin guda uku: ɗaya a sama, biyu a aljihun tebur. Wasu fitilu suna da makunnin tamineta a jikinsu. In haka ne, na fitilar ƙarshe kaɗai za a kunna. Tamineta biyu ko uku a layi ɗaya suna raunana saƙon.

Ga gwajin da ke nuna lafiyar layin gaba ɗaya. Kashe fitilu, zare wayar daga tebur, auna tsakanin ƙafa ta 2 da ta 3. Ya kamata ka ga abin da ke kusa da om 120, ya ɗan haura saboda tsawon waya ko ya ɗan sauka saboda yawan fitilu. In ka ga kusan sifili, wayoyi sun haɗe a wani wuri. In ka ga wajen 60, tamineta biyu ne a layin. In lambar ta haura dubbai, ko dai waya ta katse ko ba tamineta.

Mataki na 7: in dole sai an yi reshe

Yawancin majami'u suna da fitilu a gaba, wasu a bayan bagade, wasu a gefen mawaƙa, kuma layi ɗaya ba zai zagaye su ba sai an yi ɓarnar waya. Abin da zuciya ke raya wa mutum shi ne ya haɗa wayoyi biyu a kai ɗaya su rabu kamar baushe. Da lasifika ana yin haka a wuce lafiya, da DMX ba a yi, domin mararrabar kanta tana haifar da amsa-kuwwa.

Abin da ake sawa shi ne sifilita, akwati mai baki ɗaya na shiga da huɗu ko takwas na fita. Kowane bakin fita sabon layi ne, da nasa lissafin 32, da nasa tamineta a ƙarshe. Nemi wanda aka rubuta opto-isolated a jikinsa, wato haske ne ke tsallakar da saƙo a cikinsa, babu ƙarfen da ya haɗa wannan reshe da wancan. A wurinmu wannan ya wuce ƙawa. Sau da yawa soket ɗin tebur da na bagade ba layin wuta ɗaya suke ba, wayar ƙasa kuma ko babu ko ta ruɓe, alhali masu karɓar saƙon RS-485 bambancin da suke jurewa daga bolt 7 ƙasa da sifili ne zuwa 12 sama da shi. In ya wuce haka sai ruɗewa ko ƙonewa. Da irin wannan sifilita, in fitila ɗaya ta lalace ta turo wuta cikin wayar saƙo, reshenta kaɗai za ta ci, tebur ya tsira. Kafa shi kusa da bagade inda hannu ke kaiwa ba sai da tsani ba.

Mataki na 8: ba kowace fitila adireshinta

Duk fitilun suna jin duk tashoshin 512. Adireshi shi ke gaya wa kowace daga inda nata rabon ya fara. Fitila mai tashoshi 7 da aka ba adireshi 1 ta ci 1 zuwa 7, mai bi mata sai ta fara daga 8, ta gaba 15. In rabonsu ya hau kan juna, ka tura jan wannan sai walƙiyar waccan ta tashi. Amma in da gangan kake so fitilu huɗu iri ɗaya su riƙa yin abu ɗaya, ba su adireshi ɗaya, halal ne.

Ƙaramin teburin nan mai tashoshi 192 da ya cika majami'unmu lissafinsa daban ne, kuma rashin saninsa ya sa da yawa sun ɗauka teburinsu ya mutu. Maɓallan fitila 12 gare shi, kowane ya riƙe tashoshi 16 ko fitilar ta cinye su ko ba ta cinye ba. Don haka adireshin su ne 1, 17, 33, 49, 65, 81, 97, 113, 129, 145, 161, 177.

Fitila mai allo, sai ka danna har ka ga harafin d ko A da lamba uku, kamar d017, ka tabbatar da shi. Mai ƙananan makunnai goma kuwa, tara na farko ƙimarsu 1, 2, 4, 8, 16, 32, 64, 128, 256, ana tara su ne. Adireshi 17 shi ne 16 da 1, wato makunni na 5 da na 1. Adireshi 49 shi ne 32 da 16 da 1, wato na 6 da na 5 da na 1. Na goma galibi na zaɓen yanayin aiki ne, duba takardar fitilar. Ka kuma tabbatar da yawan tashoshin da ka zaɓa mata, domin fitila ɗaya na iya aiki a tashoshi 4 ko 7 ko fiye.

Mataki na 9: kunnawa da farautar matsala

Kada ka haɗa duka ka kunna lokaci guda. Haɗa fitilar farko kaɗai, sa mata tamineta, gwada. Ta amsa, ƙara ta biyu, matsar da tamineta. Da haka duk inda aibu yake za ka kama shi a daidai lokacin da ya shigo.

In layin ya riga ya haɗu kuma yana hauka, raba shi biyu: zare a tsakiya, sa tamineta, duba rabin farko. In lafiya, ciwon na gaba. Sake raba wancan. Fitilu 16 gwaji huɗu ya ishe su.

Fitilu sun yi shiru daga wani wuri zuwa ƙarshe: wayar da ke shiga ta farkon masu shirun ce, ko bakin OUT na fitilar da wayar ta fito daga cikinta. Duka suna rawa ba tsari: nemi fitilar da aka bari a yanayin sarrafa kanta, ko na bin sautin kiɗa, ko na jagora, domin irin wannan takan tura nata saƙon cikin layin, baki biyu su riƙa magana lokaci guda. Wannan yakan faru bayan an ari fitila zuwa taron matasa an dawo da ita. Fitila ɗaya ta ƙi ji alhali na bayanta suna ji: adireshi ne ko yanayin aiki, in kuma tsohuwa ce ƙwarai, akwai waɗanda aka ƙera da ƙafa ta 2 da ta 3 a juye, kamar wasu tsofaffin samfuran kamfanin Martin, sai a yi musu 'yar waya mai juyawa a shiga, wata a fita. Kuma kada a ba fitilar LED ko mai juyawa wuta daga dima, wato na'urar rage haske ta tsofaffin ƙwayaye, wuta tsayayya take so.

Sai gwajin da littattafan waje ba su damu da shi ba amma mu dole ne: sauya wuta. Kunna komai, kunna fankoki da amfilifaya, sa a juya daga wutar gari zuwa janareta kana kallo. Masu juyawa za su yi 'yan daƙiƙoƙi suna daidaita kansu, wannan ba laifi ba ne. Abin dubawa shi ne me fitilu ke yi kafin tebur ya farfaɗo. Da yawa suna da zaɓi a allonsu na abin da za su yi in saƙo ya yanke: su riƙe hasken ƙarshe, su mutu, ko su shiga wasan launi. Zaɓi riƙe hasken ƙarshe. Ƙaramin UPS, wato akwatin batir mai riƙe wuta in an ɗauke, a kan tebur da sifilita yana rage wannan wahala sosai. Da damina kuma, in an tashi sujada a zare wayar saƙo da ta wuta daga tebur, musamman a wurare masu yawan tsawa irin su Jos da kewayenta.

Mataki na 10: rubuta, manna, koyar

Manna wa kowace waya suna a kawunanta biyu, kowace fitila kuma a rubuta adireshinta a jikinta da girman da za a iya karantawa daga kan tsani. Sake zana takardar nan ta farko da tsabta: hanyar waya, inda sifilita yake, fitilar da ke ɗauke da tamineta a kowane reshe, adireshi da yawan tashoshin kowace fitila, launin da ka sa a ƙafa ta 2 da ta 3, da lambar om da ka auna a kowane layi ranar da aka gama. Kwafi ɗaya a sa a leda a manna a gefen tebur, ɗaya a ba sakataren ikilisiya.

Sannan ka zaɓi matasa biyu, ka zare tamineta a gabansu, ka juya adireshin fitila ɗaya, ka mayar da wata yanayin sarrafa kanta, ka ba su maltimita da takardar, ka koma benci ka zauna har su gano ukun da kansu.